Barkwancin da da na yanzu: me za a kalla, me za a ɗauka

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Mu biyar ne a nan Gusau muke shirin fara wasan barkwanci na mako-mako. Duk babban da ya ji sai ya ce mu koma mu kalli na da, wai na yanzu ihu ne kawai. To wane na da? Ku taimaka mana da sunaye da inda ake samu, ku kuma faɗa mana abin da za mu lura da shi in muna kallo, kada mu ƙare a dariya kawai.

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salamu ɗana. Ka fara da na gida tukuna. Kafin a ba Kebbi jiha a 1991, a ba Zamfara a 1996, duk ƙasar nan NTA Sakkwato aka kallo, kuma nan ne Golobo yay yi suna, wato marigayi Shehu Jibril, mutumin Talata Mafara. Ka nemi nashi, ka nemi Idon Matambayi. Daga Kaduna akwai Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda yar rasu a 2023, da Karambana na Kasimu Yero, shi kuma 2017 Allah yay yi mai rasuwa. Daga Jos sai Karkuzu na Bodara. Guntayensu suna nan YouTube da Facebook, in ka rubuta sunan za su fito, sai dai hoton ya dushe.

Abin dubawa ga Samanja shi ne bai taɓa nuna ya san abin dariya shika yi ba. Tsohon soja ne na gaske, Hausar bariki a bakinai take, kuma in shina ba ƙananan sojoji oda, da gaske shika yi. Mai kallo ka dariya, shi ko murmushi babu. Yaran yanzu tun ba su buɗe baki ba sun murguɗe fuska, sun karkata hula, sun riga sun gaya maka ga abin dariya nan tafe. To mi yar rage?

Malam Na Mafara: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, sunayen nan duk a kan hanya suke. Amma ƙanena ka riƙe abu ɗaya kafin ka yanke hukunci. Abin da za ka tarar a YouTube ba shirin ba ne gaba ɗayansa. Wanda ya sha wahalar juyo tsohon kaset ya ɗora, wurin da ya fi ba shi dariya ya zaɓa. Shirin da aka yi shekaru ana nunawa duk mako dole yana da makonnin da ba su yi armashi ba, kuma waɗannan ba mai ajiye su, ba mai tuna su. In ka ɗauki zaɓaɓɓun minti 10 na da ka gwada da duk abin da aka saki a makon nan, garin da aka tankaɗe ne kake gwadawa da wanda ko rariya bai gani ba.

Akwai shirin da ake iya auna wannan magana da shi, don an adana shi tun daga farko. Sunansa Saturday Night Live, na tashar NBC a Amurka. An fara shi 11 ga Oktoba 1975, ya cika shekara 50 a 2025, kuma har yau kai tsaye ake yin sa daren Asabar daga ɗakin shirye-shirye ɗaya a birnin New York, minti 90 har da talla. Tun kusan 1980 masu kallonsa suke cewa ya lalace, kowane zamani da mutanensa. Lorne Michaels da ya ƙirƙiro shi ya sha faɗin cewa mutum yakan ɗauki 'yan wasan da ya kalla lokacin yana sakandare su ne suka fi kowa. Duk wanda ya zauna ya kalli kashi guda na 1970 da wani abu daga farko har ƙarshe, ba guntayen da aka zaɓo ba, zai ga wasa biyu ko uku masu kyau, sauran kuma na cika lokaci.

Baba Mai Rediyo: Wato Malam, nufinka tsufa ne ka damunmu.

Malam Na Mafara: Subhanallahi, wane ni Baba. Lalacewar gaskiya ce, tana faruwa, amma tana da dalilin da ake iya nunawa da yatsa. Shi wancan shirin, a 1980 Michaels ya tafi, 'yan wasan farko duk suka tafi, yawancin marubuta ma haka. Aka zuba sababbi a lokaci ɗaya, zangon ya faɗi warwas, har aka cire wadda aka ba ragamar kafin zangon ya ƙare. Wani yaro ɗan shekara 19, Eddie Murphy, shi ya riƙe shirin har zuwa 1984. Michaels ya dawo a 1985, shekararsa ta farko ita ma ba ta yi kyau ba, sai da ya sauya yawancin mutanen a 1986. Aka sake irin wannan sharar a 1995, lokacin da Will Ferrell ya shigo. Ka ga a wuraren da aka kwashe ƙwararru a tashi ɗaya ake samun ramin, kuma sababbin sukan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin su san numfashin juna.

Abin da na fi so ku ɗauka shi ne tsarin makonsu. Litinin ana zama da baƙon makon, wato shahararren da aka gayyato ya jagoranci shirin, kowa ya jefo dabararsa a baki. Talata ake rubutu, yawanci har gari ya waye. Laraba a zauna a teburi a karanta kusan wasa 40 da murya, 'yan wasa na karantawa, ma'aikata na saurare, ana jin inda aka yi dariya da inda ɗaki ya yi tsit. Daga nan a zaɓi kamar 12. Alhamis da Juma'a gyaran rubutu, haɗa ɗakuna da sutura, da tsara inda kowa zai tsaya. Asabar ƙarfe 8 na dare a yi cikakken gwaji gaban 'yan kallo na gaske, kusan awa biyu. Wanda bai ba da dariya ba a cire shi nan take, ko an kashe kuɗi a kayansa. Ƙarfe 11:30 a shiga kai tsaye gaban wasu 'yan kallon daban. Abin da ke isa ga mai kallo a gida bai fi takwas zuwa goma ba. Wajen kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta a shara yake ƙarewa, kuma duk da haka a kan samu na banza a cikin waɗanda suka tsira. Mu a nan abu ɗaya ake tunani da safe, a ɗauka da rana, a saki da dare.

Hajiya Mai Alƙalami: Malam ya taɓo inda ke ciwo. Ɗana, bari in ba ka na rubutu, don a nan mafi yawa suke faɗuwa. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a hoto, saboda haka guntun wasa shafi uku ne zuwa huɗu. Cikin daƙiƙa 30 na farko mai kallo ya san ina ake, su wane ne, kuma mene ne abu ɗaya da ba daidai ba. Abu ɗaya fa, ba biyar ba.

Misali: mai shayi da ya mai da teburinsa banki. Mutum ya zo da yunwarsa da sassafe, aka miƙo masa fom, aka ce ya kawo lambar BVN da hoto biyu kafin a zuba masa. Wannan hawa na ɗaya ke nan. Na biyu, ya cika fom, ya biya, ga tukunya tana tafasa a gabansa, aka ce sabis ya ɗauke, shayinsa ya fita daga wajensu amma bai iso kofinsa ba, ya dawo bayan awa 24. Na uku, burodin ya zo an gutsure gefe, aka ce cajin kula da asusu ne. Kowane hawa ya fi na baya nauyi, kuma duk daga tushe ɗaya suka fito. Rufewa: manajan banki na gaske ya tsaya da motarsa yana sauri, mai shayi ya ba shi lamba ya nuna masa bayan layi. A yanke a nan, kada a ƙara ko kalma.

Inda ake ɓata irin wannan wuri biyu ne. Na farko, a mai da kowa wawa. In mai shayi mahaukaci ne, mai saye ma mahaukaci, ɗan kallo ba shi da wanda zai tsaya a madadinsa. Dole a samu mai hankali ɗaya wanda abin ke ba wa haushi da gaske, kuma sau da yawa a fuskarsa dariyar take. Na biyu, rashin rufewa. In ka ga wasa ya ƙare da an ɗauko sanda an bi mutum da gudu, to marubucin bai samo ƙarshe ba ne. Ni a ganina rabin abin da ake kira lalacewar barkwanci wannan gudu da dukan ne. Ku rubuta ƙarshen tun kafin tsakiya.

Ɗan Tudun Wada: Hajiya wannan na mai shayi a ba mu shi mana.

Hajiya Mai Alƙalami: Na ba ku, amma ku nemo hawa na uku da ya fi nawa.

Mai Kyamara Sabon Gari: Ni ta ɓangaren aiki zan shigo. Akwai dalilin kuɗi da ya sa na yanzu ke jan jiki. Ta hanyar dogayen bidiyo, YouTube ba ya fara biyan mutum kuɗin talla sai ya tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma bidiyo sai ya kai minti 8 ake iya sa masa talla a tsakiya. Shi ya sa za ka ga dabarar minti uku an ja ta minti tara: a nuna mutum yana tafiya, yana buɗe ƙofa, a yi doguwar gaisuwa har da tambayar gajiya da iyali, a maimaita zancen sau huɗu. In kuna son minti 8 ɗin, ku haɗa gajeru uku masu minti uku-uku a fitowa ɗaya. Dama haka tsarin shirin talabijin yake, in ɗaya bai yi wa mutum ba na gaba zai riƙe shi.

Sai sauti. Mutane suna haƙuri da hoto mai duhu, ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Ku sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, ko biyu ne, a maƙala kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, kada ya goga da mayafi ko wuyan babbar riga. Ku sa abin ji a kunne ku saurara kafin a fara. A kashe fanka, janareta kuma a kai shi bayan gida da doguwar waya. In da wata wayar daban kuke naɗar sauti, a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, wannan tafin shi mai tacewa zai bi ya daidaita baki da murya.

Kyamara biyu ta ishe ku, ko wayoyi ne. Ɗaya ta ɗauko kowa, ɗaya ta tsaya a fuskar mai sauraro, ba mai magana ba. Ku sa ta a hoto 25 a daƙiƙa, don wutarmu mai bugu 50 ce, in kuka bar ta a 30 kuna cikin ɗaki da ƙwan lantarki za ku iya ganin hoton yana ƙyafta. Ku kulle haske da hannu, in ba haka ba duk wanda ya shigo da farar shadda sai fuskokin sauran su yi duhu. A waje kuwa daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, ko bayan la'asar. Ranar tsaka a Gusau ramin ido take mai da wa baƙi.

Kuma don Allah ku rabu da dariyar gwangwani, wato wadda aka riga aka naɗa ake liƙawa, da ƙarar nan ta "tuing" da ake sakawa bayan kowace magana.

Baba Mai Rediyo: Duk na ji, kuma ban ƙi ba. Amma akwai abin da na da sunka fi ku, ba ƙwaƙwalwarmu ce tay yi muna ƙari ba. Mutanen nan ba gaban kyamara sunka fara ba. Wasu daga rediyo sunka fito, inda ba fuska ba hula, murya kaɗai ka aiki. Duk wanda yaj ji Zaman Duniya Iyawa Ne a Rediyon Kaduna ya san abin da nika nufi. Shi Samanja kansa a rediyo ma an yi shi. Wasu daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na gari, inda za ka tsaya gaban jama'a, in abin bai yi ba a watse a bar ka. Ga 'yan kama, ga 'yan gambara a kasuwa, ga tashe cikin azumi, yaro tun shina ƙarami ya san yadda aka jan magana a tsaya a bar mutane su yi dariya su ƙare sannan a ci gaba. Wannan tsayawar ita ta ɓace. Yanzu mai tacewa ka datse duk wani shiru, magana na hawa kan magana.

Shawarata ga yaran ga: ku ɗauki guntun Golobo ko na Karkuzu, ku juya baya ga allo, ku saurara kawai. Ku lura da tsawon shirun da ke tsakanin tambaya da amsa. Sannan ku lura Golobo bai aro harshen wani gari ba, da Hausar gida yay yi wasa nai. Ku ma in "munka" da "sunka" ne a bakinku, ku bar su nan.

Malam Na Mafara: Wannan kam Baba ya yi gaskiya, kuma ko a Amurkan haka ne, yawancin 'yan wasan Saturday Night Live daga dandalin wasa gaban jama'a ake ɗauko su, irin su Second City a Chicago da Groundlings a Los Angeles. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A da talabijin ɗaya ce a unguwa, mutum ashirin ko talatin a tsakar gida ɗaya, dariyar wani tana kunna ta wani. Yau mutum ɗaya ne da waya da abin ji a kunne. Ko wasan bai sauya ba, yadda ake cin sa ya sauya.

Ga wanda Turancinsa zai ɗauka, ga inda zan ce ya duba a wancan shirin. Kashin farko na 1975, don ya ga yadda abin ya fara a hargitse, da mawaƙa biyu da 'yan tsana da gajerun wasanni da ba su san inda suka dosa ba. Sai na Eddie Murphy. Sai na 1986 zuwa farkon shekarun 1990, a sa ido a kan Phil Hartman, shi ne gwanin zama mai hankalin da Hajiya ta faɗa. A na kusa kuma Kenan Thompson, yana ciki tun 2003, ba wanda ya kai shi daɗewa, kuma da kallo ɗaya yake tayar da wasan da ya mutu. Akwai ma Ego Nwodim, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta shiga a 2018, ta bar shirin a 2025. Amma a kiyaye, shirin yana da batsa da zancen da bai dace da mu ba, ba na kallo da yara ko gaban surukai ba ne, kuma rabinsa siyasar Amurka ce da ba za ta ba ka dariya ba. Tsarin za a ɗauka. Ku rage murya ma ku kalli inda kowa ke tsayawa da lokacin da kyamara ke komawa kan mai sauraro.

Yaya Ta Gummi: Ƙannena, ni gargaɗi ne nawa, kuma ya shafi nan gida. Tsofaffin wasannin sun yi ta tsokanar ƙabila da sana'a, aka yi dariya aka tashi lafiya, don a kan wasan taubasai suka gina: Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe. Sharaɗin wannan wasa shi ne kowa yana da bakin ramawa, kuma ba jini a tsakani. Halin da Zamfara ke ciki yanzu ba haka yake ba. Kwaikwayon maganar wata ƙabila, ko sa ɗan gudun hijira ya zama abin dariya, ko yin wasa da satar mutane, wani a cikin masu kallonku a makon ya biya kuɗin fansa. In za ku yi tsokana ku ɗaga ta sama: mai muƙami da ke ɓuya wa mutanen mazaɓarsa, ɗan kwangilar da ya gina kwalbati a inda ba ruwa, mai gidan haya. Ba sai kun kama sunan kowa ba, kuma ya fi muku kada ku kama.

Abu na biyu, in Allah ya ba ku ɗan wasa ɗaya da mutane suka so, kada ku cinye shi. Wannan shi ke kashe shirin da ya daɗe. An yi dariya da wata kalmarsa sau ɗaya, sai a riƙa sa shi yana faɗinta duk mako har ta gundure. Ku fito da shi sau ɗaya a mako uku ko huɗu, kuma duk fitowa a kai shi wurin da bai taɓa zuwa ba. Ku dubi abin da ya biyo bayan rasuwar Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014. Da yawa sun ɗauki shigarsa da ƙarajinsa, amma saurin bakinsa wajen mayar da magana ba a aro shi.

Injiniya Ƙaura: Tunda ana zancen inda za a samu na da, bari in sa baki. Tashoshi a wancan lokaci da kaset ɗin U-matic suke aiki, daga baya Betacam, kuma saboda tsadar kaset, a ƙasashe da yawa akan goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai, har BBC ta yi asarar shirye-shirye ta haka. Don haka abin da ya rage sau da yawa yana cikin VHS da mutane suka naɗa a gida, yana nan cikin akwatunan iyayenmu. Wanda ya samu, kada ya yi gaggawar sa shi a na'ura.

A fara leƙawa ta gilashin kaset. In an ga fari-fari ko toka-toka a gefen naɗin, fumfuna ce, in ta shiga na'ura za ta toshe kan karatun, wato ɓangaren da ke karanta zaren kaset, ta kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Wannan a ware shi a leda shi kaɗai sai an samu mai gyara. In yana da tsabta, a ɓalle ɗan haƙorin da ke bayansa don kada a danna naɗi bisa kuskure, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya don naɗin ya saki. A gwada na'urar da wani kaset marar amfani tukuna, tsohuwar na'ura robobinta sun bushe, tana iya tauna zaren. Kan karatun ana goge shi da farar takarda da aka jiƙa da sifirit mai tsabta, a dafa ta a hankali a juya gangar da kan yake jikinta da yatsa. Ban da auduga, zarenta yana kama kan ya karya shi, kuma ban da gogawa sama da ƙasa.

Juyowa kuwa, wayoyin nan uku ne, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, su shiga 'yar na'urar ɗaukar bidiyo ta USB, ita kuma ta shiga kwamfuta. Manhajar OBS kyauta ce kuma ta isa. A saita tsarin hoto na PAL, girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, faɗin allo 4:3. In aka bar shi a NTSC, tsarin hoton Amurka, hoton zai fito ba kala ko yana birgima, in aka ja shi ya cika allon zamani kowa zai koma gajere mai faɗi. In an ga layi-layi a ƙasan hoto a daidaita da maɓallin tirakin. Kaset mai lamba E-180 awa uku ne, kuma awa ukun za a zauna, ba a gaggauta shi, saboda haka a tabbatar da wuta ko inbata kafin a fara. A ma'aunin megabit 5 a daƙiƙa, awa ɗaya tana cin wajen gigabait 2 da kwata. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu, kaset ɗin kuma a tsaye, nesa da rana da lasifika.

Roƙona ga mai juyowa: ya juyo kashin gaba ɗaya, har da wuraren da ba dariya, har da sunayen ma'aikata na ƙarshe. Ta haka ne kaɗai za a raba gardamar Baba da Malam. Kafin a ɗora a intanet kuma a nemi izinin tashar da ke da shirin.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. Amma Malam, mu biyar ina za mu samo wasa 40 a mako?

Malam Na Mafara: Ba 40 ba, rabon za ku riƙe. Kowa ya zo da biyu a rubuce, ko shafi ɗaya-ɗaya ne, goma ke nan. Ku zauna ku karanta da murya, amma kada mai rubutun ya karanta nasa, kuma kada ya yi bayani. Wasan da sai an yi bayaninsa ya riga ya faɗi. Ku zaɓi huɗu, ku ba su kwana biyu na gyara da gwaji. Sannan ku yi su a tsaye gaban mutum 15 zuwa 20 waɗanda ba abokanku ba, majalisar wata unguwa ko ɗaliban wani aji, ɗayanku ya riƙe takardar yana sa alama a duk layin da aka yi dariya. Duk inda aka yi rabin shafi ba alama, a yanke shi ko a sake. Ku ɗauki uku, ku saki uku. Kuma kada ku fara fitowa sai kuna da na mako huɗu a ajiye, don ranar da ɗaya ya yi rashin lafiya ko aka ɗauke sabis, abin da ke hannu za ku saki komai muninsa.

Hajiya Mai Alƙalami: Ni mako-makon ne ma ban yarda da shi ba a farko. Su wancan shirin na Amurka da marubuta sun fi 20, kashi kusan 20 kawai suke yi a shekara, suna hutawa tsakani. Ku yi kashi takwas, ku tsaya wata ɗaya ku rubuta, ku dawo. Kuma a cikin ku biyar ɗin akwai mace? In babu, wasanninku na cikin gida duk a ƙofar zaure za su tsaya.

Ɗan Tudun Wada: Babu Hajiya, amma akwai wadda za mu iya ba ta karanta rubutun.

Hajiya Mai Alƙalami: Ba karatu ba, ta kawo nata biyun ita ma, a sa su cikin goman.

Mai Kyamara Sabon Gari: In kun tsai da ranar gwajin ku sanar a nan. Akwai makirfo biyu da ƙafar kyamara ɗaya da za a iya ara muku, batir dai ku zo da naku.